Tambayoyi da amsoshi kan tsofaffin sassaƙen dabbobi na katako daga Japan

Masu sha'awar kayan tarihi kan ci karo da hotunan ɓera, kwaɗo, biri ko kifi da aka sassaƙa da katako, a ce musu tsohon aikin Japan ne. Wasu na gaske ne, da yawa kuwa ba su kai shekara ashirin ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Duk abu ɗaya ne, ko iri-iri ne?

Iri-iri ne, kuma wanda bai rarrabe su ba shi ake cuta a ciniki. Akwai netsuke, ɗan ƙaramin sassaƙe da ake ratayawa a ɗamara. Akwai okimono, wanda ake ajiyewa don ado kawai. Akwai ranma, allon katako mai huda-huda da ake sawa tsakanin saman ƙofa da rufin ɗaki, don iska da haske su riƙa ratsawa daga wannan ɗaki zuwa wancan. Sai kuma sassaƙen jikin gine-gine, irin kawunan zaki da giwa da ake fitarwa a ƙarshen gungumen da ke riƙe rufin wurin bauta. Har a madafa akwai su. A tsofaffin gidajen ƙauye, ƙugiyar da ke riƙe tukunya bisa murhun tsakar ɗaki tana da wani katako da ake ɗaga ta ko sauke ta da shi, kuma galibi siffar kifi ake yi masa.

Idan an ce tsoho, 'yan kasuwar kayan tarihi suna nufin abin da ya kai shekara 100. Wato aikin zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, da na Meiji, daga 1868 zuwa 1912, da na Taisho wanda ya ƙare a 1926.

Mene ne amfanin netsuke? Ƙanƙantarsa ta yi yawa a ce ado ne.

Asalinsa ba ado ba ne, kayan aiki ne. Rigar kimono ba ta da aljihu. Namiji a zamanin Edo yakan rataya jakar tabarsa, ko 'yar batta mai hawa-hawa da ake kira inro wadda ake zuba magani a ciki, da igiyar siliki. Sai a cusa igiyar ta ƙarƙashin ɗamara, a ɗaure netsuke a ƙarshenta, ya tokare a saman ɗamarar don kada kayan su zame. Girmansa bai cika wuce na goro ba.

Wannan aiki shi ya tsara kamanninsa. Ba a so ya kasance da tsini da zai yaga tufa, ko wani sashe siriri da zai ƙalle. Shi ya sa za ka ga ɓeran netsuke ya dunƙule jikinsa, ya riƙe jelarsa da hannuwa, kunnuwa a kwance. Doki kuwa a tsaye yake ƙafafu a haɗe, kai a sunkuye yana kiwo. Ga kuma ramuka biyu da igiya ke bi, waɗanda ake kira himotoshi. Sau da yawa ɗaya ya fi ɗaya faɗi, domin a cikinsa ƙullin igiyar ke ɓuya. Gwanayen masassaƙa ma ba sa huda komai, sai su bar 'yar kafa tsakanin ƙafar dabbar da cikinta, igiya ta bi ta nan.

Abin da ya ƙara masa daraja shi ne dokokin gwamnatin gidan Tokugawa, masu mulkin zamanin Edo, da suka hana 'yan kasuwa yin shigar alfarma, komai dukiyarsu. Attajirin Osaka ba zai iya fita da tufar da ta fi ta samurai, wato ajin mayaƙa, ba, amma yana iya kashe kuɗi mai yawa a kan ɗan abin da ke maƙale a ƙugunsa.

To ta yaya suka cika gidajen tarihin Turai da Amurka?

Sauyin zamani ne ya kore su daga gida. Bayan 1868 Japan ta rungumi tufafin Turawa masu aljihu, taba sigari ta maye gurbin lofe, netsuke ya rasa aikin yi. A 1868 ɗin kuma gwamnati ta ba da umarnin raba addinin Shinto da na Buddha, abin da ya jawo aka rushe wuraren bautar Buddha da dama, aka ƙona wasu kayansu, aka sayar da wasu a wulaƙance. Masassaƙan da suka dogara da waɗannan wurare suka wayi gari babu mai ba su aiki.

A daidai lokacin ne Turawa suka haukace da son kayan Japan, musamman bayan manyan baje koli na Paris a 1867 da Vienna a 1873. Sai masassaƙa suka juya ga okimono: babu ramin igiya, babu tsoron tsini, ga girma, ga ƙawa, daidai da abin da Bature zai ɗora a kan teburin falonsa. Tsofaffin netsuke kuma aka riƙa kwashe su da araha ana lodawa a jiragen ruwa.

Fitaccen aikin wannan zamani shi ne Tsohon Biri na Takamura Koun, wanda aka kai baje kolin Chicago a 1893. Tsayinsa ya ɗan haura mita ɗaya. Birin na zaune bisa dutse, ya ɗaga kai yana hararar sama, hannunsa na hagu damƙe da gashin mikiya. Ba a sassaƙa mikiyar ba sam, amma duk wanda ya dubi idon birin ya san ta kufce masa yanzun nan.

Da wane irin itace ake yi?

Ya danganta da aikin. Don ƙananan abubuwa an fi son tsuge, wani itace mai ruwan ɗorawa da ke girma a hankali, ga tauri ga laushin fuska, wanda ke karɓar zane siriri kamar gashin ɓera ba tare da ya tsage ba. Idan ya tsufa a hannu yakan koma ruwan zuma. Ana kuma amfani da itacen sakura, da ichii wanda masassaƙan garin Takayama suka shahara da shi, da baƙin katako mai nauyi da ake shigowa da shi daga ƙetare.

Manyan ayyuka irin ranma da sassaƙen gine-gine kuwa sai keyaki mai ƙarfi da kyawun ratsi, ko hinoki, ko itacen kafur. Na kafur yana da ƙamshin da ƙwari ba sa so, kuma ko bayan shekaru da yawa akan ji shi idan an kusantar da hanci. Idanun dabbobin akan dasa su da ƙaho, ko ƙwaryar kunkurun ruwa, ko daskararren ƙaro mai sheƙi.

Me ya sa dabbobi kaɗan ne ake ta maimaitawa?

Babban dalili shi ne lissafin shekaru da Japan ta ara daga Sin, inda kowace shekara ke da dabbarta a zagayen 12: ɓera, sa, damisa, zomo, dodon nan mai jikin maciji da suke kira ryu, maciji, doki, tunkiya, biri, zakara, kare da aladen daji. Mutum yakan sayi dabbar shekarar haihuwarsa. Ɓera, wanda mutane da yawa ke ƙyama, a can alamar wadata ce, tunda ba ya zama gidan da babu hatsi, kuma ana ɗaukarsa ɗan aiken Daikoku, abin bautarsu na arziki.

Kunkuru da tsuntsun tsuru, ɗan uwan gauraka, alamar tsawon rai ne. Kifin koi mai haurawa saman ruwa alamar naci ne. A jikin gine-gine kuma za ka lura dabbobin ruwa sun yi yawa, ryu da kifi da igiyar teku. Garuruwan katako ne da takarda, gobara ce babbar abokiyar gabarsu, sai suka yi imani cewa siffar ruwa tana kare gini daga wuta. Akwai ma wata dabba ta tatsuniya, baku, mai hancin giwa, wadda aka ce tana cinye mugun mafarki.

Biran nan uku, mai rufe ido da mai rufe kunne da mai rufe baki, daga can suke?

Shahararrun cikinsu dai suna Nikko, a hubbaren Toshogu da aka gina wa Tokugawa Ieyasu, wanda ya kafa mulkin gidan Tokugawa, a 1617, jikansa Iemitsu kuma ya sake gina shi da ƙawa tsakanin 1634 da 1636. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne a jikin bargar doki suke, domin an yi imani biri yana tsare doki daga cuta. Kuma ba su kaɗai ba ne. Alluna takwas ne a jere da ke ba da labarin rayuwa tun daga ƙuruciya, uwa riƙe da ɗanta tana hango nesa, har zuwa aure da ɗaukar ciki. Na birai ukun shi ne allo na biyu, wato lokacin yarinta, sa'ad da ake so yaro kada ya ga mugun abu, kada ya ji, kada ya faɗa.

A hubbaren kuma akwai 'yar kyanwa mai barci a saman wata ƙofa, wadda ake danganta wa Hidari Jingoro, masassaƙin da labarinsa ya cakuɗe da almara. A bayan allon an sassaƙa 'yan tsuntsaye suna wasa. Fassarar da aka fi yi ita ce ƙasa ta zauna lafiya har kyanwa ta yi barci ta ƙyale tsuntsu. Hukumar UNESCO ta sa wuraren bautar Nikko cikin kayan tarihin duniya a 1999.

Na ga damisar da ta fi kama da kyanwa. Aikin ɗan koyo ne?

A'a, sau da yawa ma alamar tsufa ce. Babu damisa mai ratsi a dazukan Japan. Masassaƙin zamanin Edo da wuya ya taɓa ganinta da rai, fata ya gani da zane-zanen Sin, sai kyanwar gidansa ta cike masa sauran. Shi ya sa take fitowa da ƙaton kai, da gira mai kauri, da manyan tafuka, da doguwar jela da ta kanannaɗe a baya. Tanaka Minko na garin Tsu, wanda ya rasu a 1816, ya yi suna da irin waɗannan.

Haka giwa. A jikin wani ɗakin ajiya a Toshogu akwai giwaye biyu da ake kira giwayen zato, waɗanda aka ce mai zane Kano Tanyu ne ya tsara su daga abin da ya ji ana faɗi. Kunnuwansu da jelarsu duk ba na giwa ba ne. Kusan shekara 100 bayan haka, a 1728, aka kawo giwa mai rai daga Biyetnam, ta taka da ƙafa daga Nagasaki har Edo, wato Tokyo ta yanzu, mutane na tururuwar kallo.

Damisar da ta fito daidai kamar a hoto, ta fi kusa da zama aikin Meiji ko bayansa.

Waɗannan ba gumaka ba ne?

Wasu an yi su ne don wuraren bauta, babu ja a kan wannan. Komainu, dabbobi biyu masu kama da zaki da ke gadin wurin bauta, ɗaya baki buɗe ɗaya a rufe, na addini ne. Haka mokugyo, gangar katako mai siffar kifi da limaman Buddha ke kaɗawa lokacin karatunsu. Netsuke da kifin murhu da galibin okimono kuwa kayan sawa ne da na gida, ko da yake camfi na biye da wasunsu.

Amma ga Musulmi tambayar ba ta tsaya a kan ko an bauta wa abu ba. Mafi yawan malamai sun hana sassaƙa cikakken mutum-mutumin abu mai rai da ajiye shi a gida, saboda hadisan da suka zo a kan haka, tare da sassauci a kan 'yartsanar yara. Wanda abin ya shafa ya tuntuɓi malaminsa kafin ya saya. Mai son aikin hannun kawai yana da mafita, domin akwai ranma da netsuke masu ɗimbin yawa da babu dabba a jikinsu, sai furanni, gora, duma, naman kaza ko igiyar ruwa, kuma gwanintar ba ta ragu ba.

Yaya zan gane tsoho na gaske daga na jabu?

Ka nemi inda hannu ya taɓa. Wannan ita ce babbar shaida, ta fi duk wata takarda. Abin da aka yi shekara 50 ana ratayawa a ƙugu yana gogar siliki da tafin hannu, yakan cinye ne a wuraren da suka taso: doron dabbar, goshinta, gwiwoyinta. A nan gashin da aka zana zai dushe ko ya ɓace, wurin ya yi santsi da sheƙi, amma cikin lungu da saƙo zanen na nan da kaifinsa, ya kuma fi duhu. Bakin ramin igiya zai yi laushi, har ka ga gefen da igiyar ta fi ci. Mai jabu kuwa gaba ɗaya yake gogewa da takardar yashi, sai ka ga lalacewar ta bi ko'ina daidai wa daida, har inda yatsa ba ya kaiwa. Ramukansa biyu girmansu ɗaya, bakinsu da kaifi, kuma an huda su inda aka ga dama. Gwada zura zare ka ɗaga. Na gaske yakan zauna daidai, fuskar dabbar na kallon waje.

Ɗauki kwaɗon da masassaƙan yankin Ise suka saba yi, zaune a kan tsohon takalmin kaba da ya tsinke. Ƙurajen bayansa ba manna su aka yi ba. Akwai wata dabara da ake kira ukibori: a danna katakon ciki da ɗan ƙarfe mai dunƙulallen baki, a kankare fuskar har ta yi daidai da inda aka danna, sannan a jiƙa da ruwa. Wuraren da aka danne sai su kumburo su zama ƙuraje. A tsohon aiki za ka ga na tsakiyar baya sun kusa shafewa, na ƙarƙashin haƙarƙari kuwa suna nan tsaf.

Sauran alamu masu sauƙi ne. Na roba da aka zuba a mazubi yana da siririn layi inda ɓangarori biyu suka haɗu, da 'yan ramukan kumfa, kuma ba shi da ratsin itace. Launin da aka shafa da man takalmi yakan fita a farin ƙyalle, ga wari. Ramin ƙwaro na gaske yana karkacewa a ciki, na ƙusa kuwa a miƙe yake. Kada ka yarda da shawarar soka zazzafar allura don gwaji, in abin na gaske ne ka ɓata shi ke nan.

Idan akwai sa hannun masassaƙi, ai magana ta ƙare ko?

Ko kusa. Sa hannu shi ne abu mafi sauƙin ƙarawa. Tun a 1781 wani littafi da aka buga a Osaka, Soken Kisho, wanda ya jero sunayen masassaƙan netsuke na lokacin, ya ambaci cewa ana kwaikwayon shanun Tomotada na Kyoto, alhali mutumin yana raye. Ga kuma al'adar gadon suna. Masanao na Ise ba mutum ɗaya ba ne, zuriya ce ta masassaƙa da suka yi ta sa suna ɗaya tun ƙarni na 19, kuma akwai wani Masanao daban a Kyoto a ƙarni na 18. A ɗaya ɓangaren, da yawa daga cikin mafi kyawun tsofaffin ayyuka ba su da suna ko kaɗan.

Ni a ganina, ka fara duba aikin tukuna kamar babu rubutu a jikinsa. In bai burge ka a haka ba, suna ba zai gyara shi ba. Akwatin katako, na itacen da suke kira kiri, mai rubutun tawada da wasu okimono ke zuwa da shi yana ƙara daraja, amma akwati ma ana musanya shi.

Beyar ɗin nan mai kifi a baki fa? Ina yawan ganinsa ana cewa tsoho ne.

Daga tsibirin Hokkaido yake, kuma bai daɗe ba. Tokugawa Yoshichika ne ya sayo sassaƙen beyar a Suwizalan a tafiyarsa ta 1921 zuwa 1922, ya kawo wa manoman garin Yakumo don su sami sana'ar yi lokacin da ƙanƙara ta rufe gonaki. An fara baje nasu a 1924. Mutanen Ainu, 'yan asalin tsibirin, na yankin Asahikawa su ma suka shiga sana'ar. Yawancin waɗanda ke yawo a kasuwa tsarabar 'yan yawon buɗe ido ce ta shekarun 1960 da 1970, an yi su bila adadin. Suna da kyau, amma ba su cancanci kuɗin kayan tarihi ba, sai dai na farko-farkon Yakumo.

Har yanzu ana wannan sana'a?

Ana yi. Cibiyarta ita ce Inami a lardin Toyama. Wurin bautar Zuisenji na garin ya ƙone a shekarun 1760, aka turo masassaƙi Maekawa Sanshiro daga Kyoto don aikin sake gini, kafintocin garin suka koya a hannunsa. Yau akwai masassaƙa kusan 200 a can, kuma allon ranma guda yakan ci watanni ana bin sa da wuƙaƙen sassaƙa iri-iri har wajen 200, daga gaba da baya, ba tare da takardar yashi ba. Matsalarsu ita ce sababbin gidaje ba su da gurbin ranma. Wannan ne ma ya sa tsofaffin alluna daga gidajen da ake rushewa suke da sauƙin kuɗi idan aka dubi wahalar da ke cikinsu.

Nawa ake sayarwa?

Tazarar tana da faɗi ƙwarai. Sabon kwaikwayo da ake yi da yawa a Sin bai wuce 'yan daloli ba. Tsohon netsuke na katako marar suna kan kai ɗaruruwan daloli, na fitaccen masassaƙi kuwa dubbai ko dubun-dubata. A Nuwamban 2011 kamfanin gwanjo na Bonhams a Landan ya sayar da wani netsuke na zaki a kan fam 265,250, sai dai shi na hauren giwa ne. In ka ga an rubuta "zamanin Edo" ga kuma farashin cin abincin rana, ka tuna araha ba ta ado.

Doka ta yarda a fitar da su daga Japan?

Galibinsu e. Dokar kare kayan al'adu ta 1950, wadda aka yi bayan gobarar da ta lalata zane-zanen bangon wurin bautar Horyuji a 1949, ta hana fitar da abin da aka yi wa rajista a matsayin taskar ƙasa ko muhimmin kayan al'ada. Ga sauran tsofaffin kaya, hukumar al'adun ƙasar tana ba da takardar shaidar cewa ba sa cikin wannan rukuni, dillali mai lasisi ya san yadda ake nemanta.

Inda ake faɗawa rami shi ne abin da aka dasa a jikin katakon. Yarjejeniyar CITES, ta kare namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun shawarar 1989, ƙwaryar kunkurun ruwa ma tana cikin haramtattu. Ɗan haƙorin haure a bakin damisar katako ya isa jami'an kwastan su riƙe kayan gaba ɗaya. Ka sa mai sayarwa ya rubuta duk abin da ke jikin sassaƙen kafin ka biya.

Idan na kawo shi Kano ko Damagaram, yanayinmu ba zai lalata shi ba?

Zai iya, kuma hunturu ne abin tsoro. Katakon ya shekara 100 ko fiye a ƙasa mai laima. Masu kula da gidajen tarihi suna ajiye irinsa a danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, alhali a tsakiyar hunturu namu yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Katako ya bushe da sauri sai ya tsuke ya tsage, idanun da aka dasa su faɗo. Damina ta zo ya sake kumbura. Wannan kai-komon ne ke kashe shi.

Ƙaramin abu a naɗe shi da ƙyallen auduga a sa cikin akwatin katako, akwatin kuma cikin kabad a ɗakin da rana ba ta dukansa. A nisanta shi da taga, da bakin na'urar sanyaya ɗaki, da hayaƙin turaren wuta. Babban allo kada a jingina shi da bango ko a ajiye shi a ƙasa, saboda gara. Ƙura kuwa da burushi mai taushi ake share ta, a bushe.

Sannan don Allah kada a shafa masa mai. Man gyaɗa, man kaɗe, man zaitun, duk suna shiga katako su yi ɗanko, su kama ƙura, su baƙanta shi yadda ba a iya gyarawa. Kada a wanke da sabulu, kada a fesa masa fenti mai sheƙi. Wannan duhun da wani zai ɗauka datti ne, shi ne rabin kuɗin abin. Netsuke na tsuge dai tsabtataccen hannu ya ishe shi.

Na ga garin katako a ƙarƙashinsa, kuma kunne ɗaya ya ƙalle.

Sabon gari mai haske yana nufin ƙwaron na ciki da rai. A ware shi daga sauran kayan katako, a sa a leda a ɗaure. Gidajen tarihi kan kashe ƙwarin ta hanyar daskarar da kayan a sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifili na wajen mako guda, a cikin leda a rufe, sannan a bar shi ya huce a hankali kafin a buɗe. Amma ba a yi wa abin da ke da fenti ko dashen ƙaho haka ba tare da shawarar gwani ba. Kalanzir da maganin sauro na fesawa tabo suke bari.

Kunnen kuma a adana shi a ambulan. Gam mai kamawa nan take ba ya ɓanɓaruwa sai da naman katakon. Masu gyaran kayan tarihi suna amfani da gam ɗin fata, wanda Japanawa ke kira nikawa, domin ana iya narkar da shi a sake aikin in an yi kuskure.

A ina zan ga na gaske in horar da idona?

A Japan, Gidan Tarihin Ƙasa na Tokyo yana da Tsohon Birin Koun da tarin netsuke, ciki har da na Yarima Takamado. A Kyoto akwai gidan tarihin Seishu wanda na netsuke ne zalla. Mai son taɓawa da hannu ya je kasuwar tsofaffin kaya ta harabar wurin bautar Toji a Kyoto ranar 21 ga kowane wata, ko ta Kitano Tenmangu ranar 25, inda na gaske da na jabu ke zube a tabarma ɗaya. A Landan akwai British Museum da Victoria and Albert, a Los Angeles kuma tarin Raymond Bushell a gidan tarihin LACMA. Waɗannan gidaje sun sa hotunan kayansu da yawa a intanet kyauta, wasu har da na ƙasan sassaƙen inda ramin igiya da sa hannu suke.